Rediyon da Na Bar wa Mai Rewaya

Motata 'yar Kwatano ce, na saye ta a shekarar da na bar wa 'ya'yana rumfar hatsi a kasuwa. Da rediyonta na kamfani ta zo, irin mai cin kaset. Ban taɓa ɗaukar wannan rediyo a bakin komai ba sai da rikodar gidanmu ta mutu, aka zaga gari aka rasa mai gyara ta. Daga nan ya zama babu inda kaset zai yi magana a gidanmu na Ƙofar Marke sai cikin motata.

Kaset ɗaya ne kuma ya dame mu. Mahaifiyar matata ta tafi aikin Hajji da tsufanta, ta zauna can wurin wani ɗan'uwanta, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Ba ta iya rubutu ba, don haka da ta so aiko da saƙo sai ta yi yadda ake yi a lokacin. Ta zauna gaban rikoda ta yi magana, ta ba wani alhaji mai dawowa ya kawo. Ba mu da hotonta, ba mu san kabarinta ba. Abin da ya rage wa matata na uwarta ke nan. A ciki tsohuwar tana gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta, ta yi ƙorafin abincin can, ta ce a aika mata daddawa da kuka, ta yi tari, ta yi dariya, ta yi addu'a mai tsawo. Akwai kuma inda take ce wa 'yarta ta yi haƙuri da mijinta, mutumin kirki ne amma taurin kai gare shi kamar jakin gishiri. Wannan wurin ne ba na so.

Wata rana madannin da ke fito da kaset ya karye, kaset ɗin yana ciki. Yana yin magana lafiya lau, yana juya kansa idan ya kai ƙarshe, fitowa ce dai ba ya yi. Hajiya, wato matata, ta ce a bar shi, ai ya sami ɗaki. Duk ranar Juma'a idan na dawo masallaci sai ta karɓi makulli, ta shiga motar a ƙarƙashin rumfa, ta zauna a kujerar baya ta bar ƙofa a buɗe, ta saurara. Wani lokaci tana tsintar shinkafa, wani lokaci hannunta sake. Babbar 'yarmu ta faɗa min ya fi sau goma: "Baba, a kai motar nan a ciro kaset ɗin Inna a juye shi cikin waya." Kullum sai in ce za a yi. Shekara uku ina cewa za a yi.

Abin da ya tunzura ni ɗaurin aure ne a Bodinga. Na ɗauki abokaina huɗu na majalisa, cikinsu har da taubashina, wanda tun muna yara ba ya ganin kafa ya ƙyale. Mun bar gari sai ya kai hannu ya murɗa rediyo wai zai ji labarai. Sashen rediyon ya daɗe ba ya kama tasha sai shuuu, ya danna nan ya danna can, sai ga muryar surukata ta cika mota, tana cewa a gaishe da mutanen gida.

Taubashina ya ce, "Alhaji, wa ta wagga?"

Na ce, "Kashe."

Bai kashe ba. Ya ƙara sauti, kuma Allah da ikonsa daidai wurin jakin gishiri aka kai. Nan suka gane surukata ce. Wani dattijo a baya ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Taubashina ya ce, "Jama'a, mu dai in munka hango surukai canza hanya muka yi. Shi wanga da tashi shika yawo cikin mota. Ka gaishe ta da sahe kuwa? Ka cire takalmi kahin ka shiga?"

Ni da ban taɓa cin abinci a gaban matar nan ba, ban taɓa kiran sunanta ba, ga shi ana wasa da ni da ita a gaban mutane. Har muka je muka dawo ba su bar maganar ba. Sati ya zagayo, in na iso majalisa sai a ce, "Ina ka baro Inna, ko tana cikin mota?" Yanzu da nake rubuta wannan na san abin dariya ne, da na taya su da an wuce wurin. A lokacin kuwa ji na yi kamar an tuɓe min riga a kasuwa.

Na gaya wa ɗana ina son rediyo irin na zamani, mai cin memori, wanda ake haɗawa da waya a ji karatu. Ya ce to, in bari ƙarshen wata ya kai motar wani shago mai kyau, a fara ciro kaset ɗin a tsanake. Na tambayi abin da za a kashe, ya faɗa. Na ce da wannan ai sai in sayi rago. Na ce masa na yi shekara arba'in ina ciniki tun ba a haife shi ba, ba shi zai koya min sayen kaya ba.

Washegari na tafi Runjin Sambo wurin wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, da wani ya yi min kwatance. Ba shi da shago, bishiyar dogonyaro ce da benci da akwatin ƙarfe. Matashi ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya fito da rediyo kala uku, ya jera a kan murfin mota.

Ya ce, "Baba, wanga shi na mai kyau. Wanga na biye mai. Wanga kuma, to, shina yi."

Na ce, "Mai 'shina yi' ɗin nika so."

Muka ja ciniki har rana ta take. Da ya ga ba zan motsa ba sai ya leƙa cikin motar ya ce, "To ka bar man tsohon, in rage maka."

Na ji daɗi har cikin raina. Ga sabo, ga ragi, ga rabuwa da abin tsiya. Na ce, "Na bar maka." Muka tafa, ya ce Allah ya sa albarka, na ce amin. Sai bayan nan, yana kwance sukurori, na ce akwai kaset a ciki, na iyali ne, ina son abina.

Ya ce, "Sai an buɗe cikinai, Baba. Ka dawo gobe ka ishe shi."

Da na ce ya buɗe yanzu ina tsaye, da shi ke nan. Da na ɗauki rediyon na tafi da shi gida na ce zan kawo masa bayan an ciro, da shi ke nan. Ban yi ko ɗaya ba. Ina kallo ya ajiye shi a gindin bishiya cikin tarkacen wayoyi da matattun fitilu, hankalina yana kan sabon, mai fitila shuɗiya da ja.

Aikin da ya yi kuwa, Allah ya isa tsakanina da arha. Akwai wata mahaɗa ta roba da kamfani ya yi wa wayoyin, sai ya sa almakashi ya datse ta, ya fere wayoyin da haƙori, ya murɗa su da na sabon, ya naɗe da salatif. Sabon rediyon bai cika ramin tsohon ba, sai ya yanko gefen silifa ya cusa. Lasifikar ƙofar hagu da ke karkarwa ya ce ta mutu, ya ɗauko wata da aka ciro daga rikodar gida ya ɗaure ta da waya a bayan kujera. Na ce anya? Ya ce, "Baba, ko a Turai haka aka yi, ba su dai hwaɗi."

Tun a hanyar gida abin ya fara nuna hali. Da na kunna sai wata mata ta yi magana da Turanci da ƙarfi, ban san me take cewa ba, kuma ba ta da wurin rage murya. In na taka mai sai lasifika ta yi kuka kamar sauro ya shiga kunne. In na sa sigina sai karatun ya riƙa yankewa yana bin ƙyaftawar fitila. Da na shiga rami a wajen Gidan Dahala, silifar ta zame, rediyon ya faɗa ciki, sai da na zaro shi da yatsu biyu. Da safe kuma motar ta ƙi tashi. Ashe kai tsaye ya haɗa shi da batir, ya kwana yana shan wuta. Maƙwabta uku ne suka tura ni, ina ciki da babbar riga.

Hajiya ta ga fitilun shuɗi da ja ta tambaya. Na ce tsohon na wurin gyara, wannan aro ne kafin a gama. Ta ce, "Kaset ɗin hwa?" Na ce yana can za a ciro shi a tsanake, yadda yara suka ce. Har ta ji daɗi, ta ce Allah ya saka da alheri. Shekara arba'in da wani abu muna tare, wannan ce ƙaryar da na yi mata ina kallon idonta.

Goben mai rewaya ta yi, na je, maƙwabcinsa mai facin taya ya ce ya tafi ta'aziyya ƙauye. Jibi na koma, an ce ya tafi Kano sayo kaya. Na duba gindin bishiyar da kaina, na tona tarkacen nan da sandata, babu rediyon. Na ce wa raina ya adana shi cikin akwati ne. Juma'a ta zo, na dawo masallaci, Hajiya ba ta nemi makulli ba, ta dai ce, "Malam, ba su gama ba?" Na ce masu gyara ai kin san su.

Sai ranar Litinin na sami mai rewayar, kansa cikin wata mota. Ya fito da fara'arsa.

"Baba, yaya kiɗa?"

"Ina kaset ɗina?"

Ya sosa ƙeya da sukudireba. "Wane kaset?"

Na tuna masa. Ya ce af, ai rediyon ya tafi tun ranar. Da yamma wani direban hanyar Illela ya zo neman mai cin kaset, wai su ne masu ƙarko, ya sa masa.

Na ce, "Da kaset ɗin ciki?"

"To Baba, kai kac ce ka bar man."

"Rediyo nib bar maka. Ban bar maka abin da ke ciki ba."

Ya ce, "Baba, kai hwa ɗan kasuwa na. In ka sai da akuya da ciki, ta haihu gidan mai saye, ɗan na wa na?"

Na ɗaga sanda, mai faci ya riƙe min hannu yana ba ni haƙuri. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, da a rumfata aka kawo wannan shari'a, gaskiya zan ba yaron. An tafa, an ce albarka, ciniki ya faɗa. Maganar kaset daga baya ta zo, ita ma da rabin baki na yi ta, kamar mai tambayar ragowar goro. Ban ce masa muryar mamaciya ce ba. Kunyar in ce na surukata ne ta hana ni, kada shi ma ya yi dariya.

Bai san sunan direban ba. Ya ce dogo ne, motarsa fara, an rubuta wata addu'a a gilashin baya. Duk wanda ya san tashar mota ya san rabin motocin cikinta haka suke. Kwana biyu ina zuwa tasha tun hantsi, ina leƙa tagar kowace farar mota kamar ɓarawo. 'Yan kamasho suka fara tambayata ko wani abu na ɓatar. Na ce rediyo. Wani ya ce, "Baba, rediyo ai sai kasuwa." Ga rana, ga zufa, ga mai shayi yana kallona yana girgiza kai.

A rana ta uku na gan shi. Rediyona ne zaune daram a gaban wata farar mota, ya cika raminsa babu silifa babu komai, yana karanta labarai tar kamar mai maganar na kujerar gaba. Direban yana cin rake a gefe. Na yi sallama, na tambaya ko daga Runjin Sambo ya samo shi. Ya ce ƙwarai. Na ce da a wurina ba ya kama tasha. Ya ce ai wayar eriya ce kawai ta zare a baya, da aka mayar shi ke nan.

Na haɗiye wannan. Na ce akwai kaset a ciki.

Fuskarsa ta washe. "Na tsohuwar nan? Ai Baba, mun sha ta. Kwana biyu ita muka ji, zuwa da dawowa. In ta kai wurin addu'a hwasinja duk sai su ce amin. Wata mata har kuka tay yi. Mahaihiyarka ta?"

Na ce, "Ina yake?"

Ya tofar da ɓawon rake. Ya ce shi fa yana da nasa kaset-kaset da yake son ji, wannan kuma ya ƙi fita. Sai ya sa sukudireba ya ɓanɓaro shi. Kwalin ya fashe, zaren ya sarƙe a ciki, ya yi ta jan sa yana tsinkewa. Ya dunƙule duka ya jefar ta taga.

"Ina?"

"Bayan Gwadabawa, ina jin. Ko kahin a kai. Wallahi da na san da mai shi, da na aje."

Na bi shi a tafiyar da ya yi ta gaba, na zauna a gaba, gwiwata tana gugar rediyon. Ya sauke ni inda yake zato. Na yi ta bin gefen titi ina duba ƙaya da ciyawa, ina ɗaga ledoji da sanda. Wani mai keke ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya. Na tsinci murafun kwalba da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Da na ji jiri na neman kayar da ni sai na tsallaka titi na tari motar dawowa.

Na iso gida bayan la'asar, ƙafafuna fari fat. Hajiya tana tsakar gida tana yankan kuɓewa a faranti. Na jawo kujera na zauna, abin da ban saba yi a wannan lokaci ba. Na faɗa mata duka, tun daga Bodinga har gefen titin Gwadabawa. Ban rage ko ragin da aka yi min ba. Wuƙar ba ta tsaya ba har na gama.

Ta ce, "Don sun yi maka dariya."

Na ce i.

"Da ka hwaɗa man, ai da na ce a cire shi tun ranar."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ranar da nis sa maka albarka, ka san ba shi wurin gyara?"

Na ce a lokacin ina zaton yana gindin bishiya. Ta ɗago ta dube ni, na ji yadda maganar ta fito. Na so ta yi faɗa. Na shirya wa faɗa tun a mota, har na tanadi inda zan ce ta yi gaskiya. Ba ta yi ba. Ta ture farantin, ta goge hannu da gefen zane, ta ɗauko wayarta ta kira ƙanwarta da ke aure a Gidan Dahala. Wayar irin mai ƙara ce, ina jin duk abin da ake faɗa.

Bayan gaisuwa ta tambaye ta ko a lokacin da kaset ɗin Inna ya zo wani ya juyi nasa. Ƙanwar ta ce a'a, ai guda ɗaya ne, kuma Yaya aka bar wa don ita ce babba. Sai muryarta ta canza. "Yaya, mi yas samu kaset ɗin?"

Ina zaune taku uku daga inda take. Na buɗe baki zan ce a ba ni wayar.

Hajiya ta ce, "Ya lalace. Kin san abin da yad daɗe, ga zahin garin ga."

Ƙanwar ta yi salati, ta fara kuka, tana cewa ita da take shirin kawo jikokinta su ji muryar. Hajiya ta yi ta ba ta haƙuri, tana cewa komai mai ƙarewa ne, su dai yi wa Inna addu'a. Har suka yi sallama ba ta ambace ni ba. Ta ajiye wayar, ta jawo farantin.

Na ce, "Mi yas sa ba ki hwaɗa mata ni na ba?"

Ta ce, "In hwaɗa mata ta yi mi da kai? Gobe kuma ka shiga gidanta da wane ido?"

Ta ci gaba da yankan kuɓewa. Can sai ta ce in tashi in wanke ƙafafuna, kada in shigar mata da ƙasar titi cikin ɗaki.

Har yau ƙanwar tana gaishe ni da ladabi, tana durƙusawa, tana aiko min da fura duk ranar kasuwa. 'Ya'yana ma zafin rana suke zagi. Na sha ɗaura niyyar in je Gidan Dahala in faɗa da bakina, sai in tuna idan na faɗa na mayar da Hajiya maƙaryaciya a wurin 'yar'uwarta. Na nemi izininta sau biyu. Na farko ta ce a'a. Na biyu ta ce idan ta riga ni tafiya, in bari sai an dawo daga maƙabarta. In kuma ni ne na riga ta, ita ba za ta faɗa ba.